Godiya bayan dawowar uwargida daga asibiti

Alhamdu lillahi, jiya da la'asar aka sallame mu, kuma uwargida ta kwana a ɗakinta karo na farko cikin kwana 19. Waɗanda suka bi mu da addu'a tun ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata sun san yadda aka yi, don haka ba zan maimaita ba, gajiya ma ba za ta bar ni ba.

Ranar da ta tsaya mini a rai ita ce ranar da likitan ƙwaƙwalwa ya buɗe mana hoton MRI, wato hoton cikin kanta da na'ura ta ɗauka. Kusan shekara biyu ke nan takan tashe ni cikin dare ta ce tana jin ƙaurin taya, in bi gida da tocila ina duba soket da kicin ban ga komai ba, wani lokacin kuma ta ji kiɗan kalangu alhali babu biki a unguwa, sannan ta yi shiru tana motsa baki, ba ta san wanda ke kanta ba. Likitan ya ɗora bakin biro a kan wani ɗan tabo ta gefen kunnen dama, ya ce wani curin ƙananan jijiyoyin jini ne da ake kira kabanoma, wanda kan yi tsattsafin jini kaɗan-kaɗan har ya tayar da wani nau'in farfaɗiya a sashen da ke kula da wari, sauti da tunawa. Sai ya dube ta, ba ni ba, ya ce: “Hajiya, ba hauka kike yi ba, abin da kike ji ƙwaƙwalwarki ce ke jiyar da ke.” Ta rufe fuska da mayafi ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba.

Waɗanda suka tsaya mana sun ce kada in ambace su, amma su yi mini afuwa. Yayarta ta bar 'ya'yanta ta tare a gefen gado. Limamin masallacinmu, wanda ya yi mata ruƙiyya, shi ne ya fara cewa mu je a duba kanta. Matasan layinmu huɗu sun ba da jini ba tare da na roƙa ba. Ma'aikaciyar jinya ta dare kuwa, da ta same ni a baranda ina rawar jiki, ta miƙo mini tabarmarta ta ce in yi sallah. Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya suturta ku duniya da lahira, Ya jiƙan iyayenku, Ya raba zuriyarku da irin wannan jinya, Ya ba sauran marasa lafiyar da muka baro a can sauƙi.

Wasu dangin da suka dage cewa sammu ne ko iska, har yau ba mu ga ƙeyarsu ba, wataƙila uzuri ne ya riƙe su.

Za ta ci gaba da shan maganin farfaɗiya har sai likita ya ce a daina, kuma an hana ta hayaniya, saboda haka masu zuwa dubiya su taƙaita zama, su kuma zo bayan la'asar.