Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwandunan Baba a Mile 12

A makon jiya na tsaya a inda na sauko daga bayan motar tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas, bayan doguwar tafiya daga Kadawa ta jihar Kano. Abin da ke kunnena a ranar shi ne maganar Baba, Allah ya jiƙansa, wadda yakan yi duk lokacin da kuɗin kaya suka iso: "Mai fartanya ba ya yanka farashi."

Shekara da shekaru yana aika wa wani dillali kwanduna, shi kuwa sai ya cire la'ada da kuɗin mota da na 'yan dako, sannan ya aiko da saƙon cewa rabin kayan sun ruɓe a hanya. Ba zan kama sunansa ba, domin daga baya Yaya Babba ya auri 'yarsa. Amma da idona na ga tumatirin da ake ce wa Baba ya ruɓe, ana kasa shi ana sayarwa, Yarbawa suna kiransa esha, masu sayar da abinci suna rububinsa saboda arha.

Wata dattijuwa mai dafa abinci a Ketu, wadda nake kira Iya, ita ta koya mini ciniki. Ranar farko ta zazzage kwandona a ƙasa, ta ɗaga wani fasasshe da na ɓoye a gindi, ta dube ni ba ta ce uffan ba. Tun daga nan nake ware kaya gida uku: mai tauri na matan gida, nunanne na masu miyar yau, fasasshe kuma da farashinsa a fili. Na koyi ƙirga kuɗi da Yarbanci, na kuma koyi cewa gyara, wadda su ma suke ce wa jara, ba asara ba ce. Yanzu Auwalu, mai taya ni ciniki, hoton kaya kawai yake tura wa masu sayen kayanmu ta WhatsApp da asuba, yana ganin abin wasa ne, bai san da ƙafa na tara lambobin wayarsu ba.

A watan Maris na 2016, da rikici ya sa gwamnati ta rufe kasuwar, dillalai da yawa suka zauna jugum, ni kuwa na sauke kayan gida a wajen gari, na riƙa kai wa mutanena har ƙofa. A shekarar ce kuma tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabo, amma ban tsawwala wa Iya ba.

Mai fartanya ba ya yanka farashi, in ji Baba. Kuɗin farko da na aika gida babu la'adar kowa a ciki sun isa ne kwana 9 bayan an yi masa sutura, Inna ce ta karɓa.