Allurar mai ta ƙi gaskiya? A auna fulot kafin a taɓa dashbod

Allurar da ke kan dashbod ba ta ganin fetur. Saƙo kawai take jira daga cikin tanki, daga abin da makanikai ke kira fulot: ɗan kumburarren roba mai yawo a saman mai, an ɗaura shi a bakin siririn ƙarfe. Ɗaya bakin ƙarfen yana da ɗan harshe da ke goga wani faranti mai layi-layi. Mai ya sauka, fulot ya bi shi, harshen ya matsa, yawan wutar da ke wucewa ya canza. Wannan canjin ne allura ke nunawa.

Da ma'aunin om ake auna turjiyar da farantin ke yi wa wuta, kuma kowane kamfani da nasa lissafin. Tsofaffin Toyota da Honda da suka cika titunan Sakkwato suna ba da wajen om 3 idan tanki ya cika, wajen 110 idan ya ƙare. Tsofaffin motocin kamfanin GM (General Motors) na Amurka a juye suke: 0 ba mai, 90 a cike. Shi ya sa fulot ɗin wata mota, ko da ya zauna daram a bakin tanki, zai iya nuna cike alhali ana kan hanyar Illela da ɗigon ƙarshe.

Gwajin ba wuya. A yawancin ƙananan motoci murfin da ake buɗewa a kai ga fulot yana ƙarƙashin kujerar baya. Zare soket, kunna makulli: a irin Toyota allura za ta faɗi ƙasa. Taɓa wayar fulot da jikin mota na daƙiƙa biyu ko uku, kada ka wuce haka. Idan allura ta fara hawa, gejin dashbod da waya lafiya lau, cutar tana cikin tanki. Amma ka tabbatar wace waya ce, don ta famfon mai ma a soket ɗin take, kuma tana ɗauke da wuta.

Daga nan a cire kan batir, a fito da fulot a sarari inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda da mai shayi. Ɗora mitar auna om a kan fulot, ɗaga ƙarfen a hankali daga ƙasa zuwa sama. Lambobi su riƙa tafiya sumul. Duk inda suka yi tsalle ko suka ɓace, faranti ya cinye a nan. Sau da yawa a ƙasa-ƙasa ne, domin motar da kullum lita biyar ake zuba mata, wuri ɗaya harshen ke ta goga shekara da shekaru. Idan baƙin datti ne kawai, wanda man jarka na bakin titi ke ƙara wa yawa, goge shi da tsumma mai tsabta ya isa. Ban da sanfefa. Layukan sirara ne.

Girgiza fulot ɗin kusa da kunne. Ka ji motsin ruwa, ya huje, zai nutse ya riƙa nuna ba mai. Allurar da ta rikice bayan an canza famfo kuwa, galibi ƙarfen aka lanƙwasa wajen cusawa.

Sababbin motoci da gangan suke jinkirta allura don kada ta yi rawa a gargada, saboda haka a ba ta ɗan lokaci bayan gyara. Kuma kada a saba tafiya da jar wutar gargaɗin ƙarewar mai: fetur ne ke sanyaya famfon da ke cikin tanki, ga zafin Afrilu a nan yana haura digiri 40.