Ba kowane faifai ne zai zauna lafiya a cikin sabar ba

Jama'a don Allah in za ku sayi faifan ajiya na sabar (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) ku daina farawa da "terabait nawa ne?" Wannan tambayar a ƙarshe take zuwa. Abin da za ka fara sani shi ne wane kontirola ne a cikin injin, wato na'urar da ake jona faifan da ita, don shi ke cewa na karɓa ko ban karɓa ba, kuma tsofaffin kontirola akwai waɗanda ba sa ganin abin da ya haura 2TB, ka sa mai 8TB ya nuna maka biyu kawai ko ya ƙi ganinsa gaba ɗaya.

Batun SAS da SATA, wato nau'o'in bakin da ake jona faifai da su, mai sauƙi ne. Kontirolan SAS yana karɓar faifan SATA, amma na SATA ba ya karɓar SAS, ko ka nemo adafta bakin ya shiga ba zai yi aiki ba. Juya faifan ka duba bakinsa, na SATA akwai tsaga tsakanin wajen data da wajen wuta, na SAS kuwa wajen a haɗe yake. Sai girma, inci 3.5 ko 2.5, da tiren da ake ɗaura shi a kai, wannan da ido ma ka gane.

Inda abin yake ci min rai shi ne SMR, wata hanyar rubuta data a kan faifai, saboda shi ba ya nuna halinsa ranar farko. Faifan SMR layukan da yake rubutu a kai suna hawa kan juna ne kamar kwanon rufi, to in zai gyara layi ɗaya sai ya sake rubuta na kusa da shi, yana da ɗan wajen da yake tara rubutu na wucin gadi, muddin wajen bai cika ba gudu yake kamar kowa, da ya cika shi ke nan sai rarrafe. Yanzu ka ɗauka faifai ɗaya ya mutu a RAID ɗinka (tsarin haɗa faifai da yawa don data ta tsira in ɗaya ya mutu), ka sa sabo, ana sake gina data awa da awanni ba tsayawa, daidai lokacin da ba ka da sauran kariya, a nan ne SMR zai tsaya yana nishi har kontirola ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. A 2020 an yi ta hayaniya da aka gano wasu faifan WD Red na kamfanin Western Digital, na NAS (akwatin ajiyar data da ake jonawa da netwok), masu SMR ne, daga baya kamfanin ya ware masu CMR, waɗanda layukansu ba sa hawa kan juna, da sunan Red Plus. Ni dai in ban ga CMR a takardar bayanan faifai ba, ba na sa shi a RAID, komai arharsa.

Faifan kwamfutar tebur ma haka. In ya ci karo da gurbin da ya lalace yana iya daɗewa yana ƙoƙarin karantawa, na sabar kuwa yana haƙura cikin kamar daƙiƙa 7 ya bar wa RAID ta gyara. Kuma na sabar an yi shi ne don ya yi ta juyi dare da rana kusa da 'yan'uwansa masu girgiza.

Sannan a duba girman sekta, wato ƙananan gurabun da faifai ke ajiye data a ciki, 512n ne ko 512e ko 4Kn, tsohon kontirola ba lallai ya san 4Kn ba. Masu sayen na hannu kuma, faifan da aka ciro daga manyan injinan ajiya wani lokaci sektansa 520 ne, sai an sake fomat ɗinsa zuwa 512 kafin ya yi amfani, kuma kar ka biya kuɗi ba ka buɗe SMART, wato bayanan lafiyar faifan, ka ga awannin da ya yi yana aiki da adadin sektocin da aka sauya ba.

In za ka maye gurbin wanda ya mutu, sabon kar ya gaza tsohon ko da kaɗan ne, RAID za ta ƙi shi. In ya fi girma za ta karɓa, amma iya girman ƙaramin cikinsu za ta yi amfani da shi, ragowar tana nan a zaune.