Abin da ya fitar da ni daga buron bincike a Yamai

Ƙarshen watan jiya na ajiye aiki. Waɗanda muka zauna ɗaki ɗaya sun san dalili, sauran kuma sun ji ta bakin shef, wato shugaban buron, to ga tawa.

A daminar 2022 wata ƙungiya ta ba buronmu kwangilar gano abin da ƴan Nijar ke faɗa a intanet game da ambaliya. Ni aka ɗora wa ɗibar bayanan. Na rubuta ɗan shirin kwamfuta da Python, wani harshen rubuta shirye-shirye, wanda ke shiga Twitter ta ƙofar da kamfanin ya buɗe wa masu bincike, wadda muke ce wa API. A lokacin, ta hannun wani malamin jami'a da muke aiki tare, muna da izinin da Twitter ta fito da shi a 2021, mai ba da damar kwaso rubutu har miliyan 10 a wata, kyauta. Kwasowar ba wuya. Sanin na wane ne ka kwaso, nan gizo ke saƙar.

A lokacin Twitter ba ta gane Hausa. Sau da yawa sai ta liƙa wa rubutun Hausa alamar harshen Indonesiya, dole ka nema da kalmomi irin su ambaliya, ruwa, gidaje sun rushe. Amma a wannan shekarar ruwa ya yi ɓarna sosai a Najeriya ma, musamman Jigawa, kuma masu rubuta Hausa a Twitter mafi yawansu a Najeriya suke. Ƙalilan ne ke kunna alamar wurin da suke. Idan ka tace da sunan ƙasa kuma, sai mutanen Minna su cika maka kwando, don jiharsu sunanta ɗaya da ƙasarmu a rubutun boko. Namu na Tawa da Maraɗi da yawa da salon Faransanci suke rubuta Hausa, "sannou", "ina kouana", shirin ya wuce su bai gani ba. Waɗanda ruwan ya ci gidajensu kuwa, muryarsu tana WhatsApp, cikin saƙon murya, inda babu ƙofar da za ta kai ka.

Duk wannan na rubuta shi a shafi guda, na sa a farkon rahoto. Na ce abin da ya tabbata na Nijar ne kaɗan ne, kuma yawancinsa na ƴan boko ne mazauna Yamai masu rubutu da Faransanci. Shef ya karanta, ya ce: "Ƙanena, mai kuɗi adadi yake so, ba uzuri ba." Na ce: "Shef, adadin ba namu ba ne." Ya yi dariya. Rahoto ya tafi babu shafin, da babban adadin a bango.

A wurin gabatarwa, wata ma'aikaciyar ƙungiyar, Bahaushiya, ta karanta ɗaya daga cikin misalan da aka zaɓa, ta tambaya tun yaushe Haɗeja ta dawo Nijar, kuma me ya sa mai kukan yake lissafin asararsa da naira. Ɗakin ya yi tsit. Shef bai ko kalle ni ba ya ce matsala ce daga ɓangaren fasaha, yaron sabo ne. Haka ya shafa mini kashin kaji a gaban baƙi, ya kuma hana ni ladan kwangilar. Saƙon da na aika masa da shafin yana nan da ranarsa. Ban fito da shi ba a lokacin, ina da iyali, amma ban goge ba.

Na ci gaba da zama, ƙofofin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022, a 2023 aka soke ɗiba kyauta, ƙaramin izini ya koma dalar Amurka 100 a wata, na manyan kamfanoni ya kai dubbai. A Agustan 2024 Meta, mai Facebook, ta rufe CrowdTangle, wanda da shi ake bin shafukan Facebook na jama'a. Sai shef ya kawo shawara mu buɗe asusun bogi, mu shiga rukunonin WhatsApp na unguwanni mu kwashe hirar mutane da lambobinsu. Na tuna masa Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Ya ce na cika tsoro. Wannan karon a rubuce na ƙi, na kuma sa abokan aiki biyu a kwafi.

Sauran abubuwan da na koya a aikin ƙanana ne. Cire sunaye da lambobi kafin ka adana komai. Bayan haka ajiye ɗanyen bayanin daban, kada ka ƙara taɓa shi. Idan shirin ya dawo da lamba 429, ka yi gaggawa ne, jira kawai. Karanta rubutu ɗari da idonka kafin ka yarda da jadawalin da kwamfuta ta zana.

Wanda zai gaje ni, shirin yana cikin kwamfutar da ke kusa da taga, da bayanin kowane layi. Batirinta ba ya riƙe caji, ka riƙa adana aikinka kafin a ɗauke wuta.