Ƙwayar cutar ta kwanta, CD4 ta ƙi tashi

Har yau jiran da aka sa ni na yi shi ne yake ci mini rai. Lokacin da aka gano ina ɗauke da HIV, ƙa'idar ita ce sai CD4, wato adadin sojojin garkuwar jiki a cikin jini, ta sauko 350 kafin a ba mutum magani. Tawa tana sama, aka ce in je in riƙa dawowa gwaji. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce, malam, kana jira sojojin jikinka suna mutuwa. Tsakanin wannan gwaji da wancan ta ruguzo ƙasa da 200. Sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowa magani da zarar an gano, Najeriya ta bi sahu a 2016. Ni kuwa aikin gama ya gama.

Maganin bai yi mini rowa ba. Cikin 'yan watanni aka nemi ƙwayar a jinina aka rasa. Amma CD4, wadda a jikin mai lafiya take kama daga 500 zuwa 1,500, sai rarrafe take yi shekara da shekaru.

Wata likita ce ta warware mini. Yawancin sojojin da ke mutuwa a cikin kaluluwa ba waɗanda ƙwayar ta hayayyafa a cikinsu ba ne. Ta shiga ne ta kasa ƙarasa aikinta, su kuma suka fashe kansu, kumburin da ya biyo baya ya jawo wasu suka zo suka faɗa tarkon. Magani yana tsayar da wannan ɓarna, amma wurin da ya daɗe yana ƙonewa tabo yake yi, tsiro ba ya saurin fitowa.

Jiran nan ne kuma ya jawo mini tarin fuka. Da garkuwa ta fara farfaɗowa sai ta far wa tarin da ya ɓoye, zazzaɓi ya kwantar da ni har dangi suka ce maganin ne bai karɓe ni ba. Na ƙi bari, alhamdu lillahi.

Yanzu TLD nake sha, wato maganin HIV mai haɗe da magunguna uku, ƙwaya ɗaya kullum. Duk wanda aka gano yau, kada ya yarda da "je ka dawo". Ya nemi a duba masa tarin fuka, ya tambayi Septrin, maganin da ke kare mai raunin garkuwa daga wasu cututtuka, in CD4 ta yi ƙasa, ya fara magani a makon nan.