Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Mai Surfe Ba Ta Bin Kaza

Satin jiya na tsaya a ranar da aka kai ni gidan su mijina Mushe, malamin lakwal, wato makarantar boko, a unguwar Zango ta Damagaram, da irin karɓar da mahaifiyarsa Iya ta yi mini. Bisa tsari yau haihuwar fari ce da wankan jego. To amma tun ranar Talata wata magana ta tsaya mini a rai, in ban sauke ta ba babu abin da zai rubutu. Masu jiran labarin suna ku yi haƙuri, yau maganar keken ɗinki za mu yi.

Butterfly ne baƙi mai ƙafa. Gwaggo da ta riƙe ni ta sayar da ragunanta ta ba wani ɗan'uwanmu mai zuwa Kano sautu, aka shigo da shi ta Matamaye an naɗe kan da tsohon bargo. Ranar da aka kafa shi a ɗakina ta taso da kanta daga Birni, ta zagaya shi, ko taɓawa ba ta yi ba, sai ta ce, "To ga sana'a nan. Amma ki sani, mai surfe ba ta bin kaza." Duk yarinyar da Gwaggo ta riƙa ta ji wannan magana har ta gundure ta. Ita alkaki da nakiya take yi na biki, kuma in ta zauna gaban kasko ko daga fada aka aiko sai ta sauke. Abin da take nufi, in kika ajiye taɓarya kika bi kaza guda, kafin ki dawo biyar sun hau turmi, geron da kika jiƙa ya bushe, ga rana ta take. Abin da kazar za ta tsinta kuwa bai cika tafin hannu ba. Na ce to Gwaggo, kamar yadda muka saba ce mata.

Gidan mu huɗu ne matan wa da ƙane, ga Iya, ga ƙannen miji, ga yara ba adadi. A irin wannan gida, macen da ke zaune a ɗaki ba ta da aiki, ko me take yi kuwa. Mushe ya saɓa jakarsa ya nufi lakwal, babu mai tare shi a zaure ya ce ɗan riƙe mini yaron nan. Telan da ke da rumfa a Kasuwar Dole, babu mai kai masa yagaggen wando ya biya shi da Allah ya saka da alheri. Amma ni da kekena yake kusa da madafa? Ina ɗora ƙafa sai sallama, wai in ji wance a ba ta aron rariya. In tashi in miƙa. In zauna, sai ga wata da zane a kafaɗa: "Ɗan kama mini bakin nan, ba yawa." Wanda ba ya ɗinki bai san abin da ke cikin ba yawan nan ba. Zaren da ke kan keke fari ne, zanenta shuɗi, sai na zare na sama, na ciro kwarkwaro na naɗa wani, na janye rigar mutane da na kai rabi daga ƙarƙashin allura. Ita kuma ba tsaye za ta jira ba, sai ta samu bakin gado ta zauna ta ɗauko labarin auren da ya mutu a Garin Malam. Kafin ta fita hantsi ya dubi ludayi, kwanon ɗaki ya ɗau zafi, na manta wane hannun rigar na riga na haɗa.

Kada a ce na raina aikin gida. Akwai abin da ba a ja da shi, babbansu ruwa. Garin nan kan dutse yake zaune, tun zamanin Nasara ake fama, har ana sa ƙarancin ruwa cikin dalilan da suka sa aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai a 1926. An jawo na Gogo da Macaya, an jawo na Arunguza, daga baya aka ƙara da na Ganaram, gari kuma sai faɗi yake. Da bazara famfonmu sai tsakar dare yake tari, shi ma in ya ga dama. Wadda ta fara jin sa ta tada gida, a jera bokitai a cika randuna, wadda ta yi barci gobe ta sha tsadar ƴan ga-ruwa. Wannan ko ƙarfe nawa ne ina tashi. Haka girki, haka ciwon yaro. Abin da ya dame ni shi ne an zuba ruwa da aron rariya a mudu ɗaya, kowanne tashi yanzu-yanzu ne.

Sai 1994 ta zo. Mahamman Usman, ɗan nan garin, bai cika shekara kan mulki ba, ma'aikata suna bin albashin watanni, malaman lakwal yau aiki gobe yaji. Ranar 12 ga Janairu aka wayi gari an karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da yake dala 10 ya koma dala 20. Mu da ba mu taɓa riƙe kuɗin Faransa ba a kasuwa muka gane karatun. Shadda, atamfa ƴar Holan, allura, man keke, magani, duk abin da ya ƙetaro teku ya tashi. Ga azumi saura wata ɗaya. Mushe mutum ne mai nauyin baki, ba ya iya cewa babu, sai dai in ga ya daɗe a zaure yana juya rediyo. Ba sai an faɗa mini ba, na san tuwon ɗakinmu ya dawo kan keke.

Na je Birni na kai wa Gwaggo kuka, na ce ga ɗinkin Sallah an fara kawowa, ga gida ba a bari na in zauna. Jira nake ta ce za ta zo ta yi wa Iya magana. Ko ɗago kai ba ta yi ba daga kaskon. "Na faɗa miki tun ranar da aka kafa shi." Shi ke nan. Ta ƙulla mini alkaki ta ce in gaida yara.

Washegari bayan sallar asuba na shiga ɗakin Iya na durƙusa. Na ce, "Iya, alfarma nake nema. Daga asuba zuwa azahar ina so in riƙa rufe ƙofa." Ta daɗe tana jan carbi. Allah ya jiƙan Iya, tana da faɗa amma ba ta da wauta, ta san inda geron kununta ke fitowa. Ta ce, "Rufe, ƴar nan. In mutuwa ce ko naƙuda ni da kaina zan buga miki. Sauran su jira la'asar."

Yanka da dare nake yi, ɗinki da safe. Bayan asham, yara sun kwanta, in shimfiɗa tabarma in kunna fitilar ƙwai in yanka na gobe, kowane in naɗe shi da awonsa a ƴar takarda in soke da allura. Da na sallame asuba ba shara, ba wanke kwanon sahur, keke nake hawa. Kuma mai wuyar nake fara ɗauka, shaddar nan da in allura ta kauce sai ta bar tabo, tun ido na garau iska na da sanyi. Rigunan yara da kalmasa na lokacin da kai ya fara nauyi ne. Masu ba yawa na ajiye musu kwando a bakin ƙofa, kowa ta jefa nata, ranar Juma'a da yamma in zauna in yi su gaba ɗaya, farare tare, masu duhu tare, ko dala ban taɓa karɓa ba. Abin dariya, rabin kayan kwandon masu shi ke dawowa su kwashe kafin Juma'ar. Ashe akwai zare da allura a ɗakunansu. Maɓalli da zare kuwa Alhamis kaɗai nake aikawa a sayo, ranar da Dole ke ci, abin da ya ƙare kafin nan sai ya jira.

Ba a ce ba a rasa komai ba. Ɗakina ya sha kai azahar da ƙura, kan ƴar fari ya sha tsufa ba kitso, barka da yawa sai an kwana biyu nake zuwa.

Ƙurar nan ita matar Yaya ta samu ta riƙe. Ba zan faɗi sunanta ba, dangi sun san ta, ita ma in an karanta mata ta san kanta. Ita ta fara cewa an buɗe biro, wato ofis, a gidan. In yaro ya yi kuka kusa da ƙofata sai ta ɗaga murya yadda zan ji, "Kai, yi shiru, Madam na biro." Ta bi dangi gida-gida tana cewa na yanke zumunci, na fi son kuɗi da mutane. Wani suna da aka yi a Sabon Gari na isa bayan la'asar, tsakar gida cike da mata, sai ta ce, "A'a, su ma'aikata an taso? A ba Madam kujera, ba ta zaman tabarma." Aka kwashe da dariya. Na zauna a tabarmar, na ba da nawa bikin, na tashi. Wannan ma na kai wa Gwaggo, ta ce kaza mai ɗaurin kallabi ma kaza ce, in koma kan turmina. Na bi maganarta ban tanka ba. Amma shirun nan har yau yana cina. Sama da shekara 30 ke nan, amsoshin da suka dace da ita a wurin sunan nan har yanzu suna zo mini ina tsakiyar ɗinki, wata ta fi wata zafi.

Abin da ya tono duk wannan Auta ce. Talatar nan na je gidanta na tarar da anko jibge, biki Asabar, tana kukan ba lokaci. Na samu wuri na zauna ina kallo. Gida ita kaɗai da mijinta, ba uwar miji ba facala, ruwa cike a jarkoki, keke na kuran, wato lantarki, mai gudu. Ta ɗinka tsawon hannu ɗaya salula ta yi ƙara, wai wata mai anko ce ta turo hoton salon wuya ta WhatsApp. Daga hoton ta leƙa zauren dangi, ta saurari muryar wata, ta mayar mata da amsa, ta yi dariya, ta dawo tana tambayata ina ta ajiye almakashi. Ni nawa kajin sai sun yi sallama suke shigowa, kuma ƙofa na tsare su, nata kuwa a kan cinyarta suke kwana. Na ce ta ba ni wayar in riƙe mata zuwa azahar, ta ce, "Haba Mama, ai kasuwar a ciki take." Ban ce ƙarya take ba, ta nan ake kawo mata aiki har daga Maraɗi. Amma mai son salon wuya ba za ta mutu kafin azahar ba. Ita ce fa a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, da Najeriya ta yanke kuran aka rufe iyaka, kekenta ya tsaya cak, ta lallaɓo gidana ta hau Butterfly ɗin da take yi wa dariya. Salula ba caji, ta yi aikin da ban taɓa ganin ta yi ba. Na tuna mata, ta ce wai wannan daban. Na faɗa mata maganar Gwaggo, ta ce ta ji ta sau dubu. Ni ma haka na ce a nawa lokacin, sai dai a zuci.

In koma 1994. Daren Sallah kafin isha'i babu kayan mutum ko ɗaya a ɗakina. Wanda ya san bakin rumfar tela a daren Sallah, yadda ake kwana tsaye ana zage-zage, wani ma a je idi da tsohuwar riga, ya san abin da nake nufi. Daga shekarar mata suka riƙa faɗa wa juna akwai wata a Zango, in ta ce Laraba to Laraba ce. Ban fi kowa hannu ba, akwai waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba, cika rana shi ne jarina. Bayan Sallah na ba da aka sayo gero buhu biyu, na sa aka sauke a ɗakin Iya don kada Mushe ya ji nauyi a gaban ƴan'uwansa. Iya ta raba wa ɗakuna huɗu da tiya. Lokacin kasuwar Yaya ta tsaya, kowa ya sani. Matarsa ta fito da ƙwaryarta ta karɓi nata ina tsaye. Ranar ban ji an ambaci biro ba.

Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu, ɗinki ne da haihuwa da ɗinki. Iya ta rasu, Gwaggo ta rasu, muka tashi daga babban gida. Wata rana sai ga matar Yaya da turame a ka, za ta aurar da ƴarta ta biyu, tana ta "ƙanwata, ai ke kaɗai na yarda da ke a garin nan." Na karɓa. Na ɗinka kayan amarya da ankon iyaye, na kai ranar da na ce zan kai. Ta ba ni rabi, ta ce saura bayan biki. Yarinyar yanzu ƴaƴanta biyar, jikka 7 ɗina na nan wurin uwarta, kuma ban yafe ba.