Wasiƙa daga Ahmadabad: Allura, Jari da Ladan Aikin Mace

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na gida.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne daga birnin Ahmadabad na jihar Gujarat a ƙasar Indiya, inda na ɗauki lokaci ina lura da yadda mata masu surfani suke riƙe gidajensu da allura da zare. A ƙauyukan yankin Kutch da ke wannan jiha, uwa ce shugabar sana'a: ita ke zaɓen launi da zane, 'ya'yanta mata da surukarta kuma su zauna gefenta suna kafa ƙananan madubai a jikin ƙyalle, kamar yadda ita ma ta koya a gaban tata uwar.

Gwaninta ba ta taɓa yi musu ƙaranci ba. Abin da ya daɗe yana cin su shi ne tsarin cinikin, domin dillali ne ke kawo yadi da zare, ya biya ladan kowane ƙyalle yadda ya ga dama, ba tare da an lissafa kwanakin da aikin ya ci ba, sannan ya kai birni ya sayar a farashin da mai aikin ba za ta taɓa ji ba. A shekarar 1972 wata lauya mai suna Ela Bhatt ta kafa ƙungiyar SEWA a wannan birni domin mata masu sana'ar kansu, kuma a 1974 mata 4,000 suka zuba rupi (kuɗin Indiya) 10 kowacce suka buɗe bankinsu. Bayan girgizar ƙasar 26 ga Janairun 2001 da ta rusa garuruwan Kutch, surfani ne ya ciyar da gidaje da dama, kuma a 2003 aka yi wa masu sana'ar rajistar kamfanin da su da kansu ke da hannun jari a cikinsa.

A ganina, bankin ya fi kamfanin muhimmanci, ko da yake ba kowa zai yarda da ni ba. Sana'ar da ake yi a tsakar gida tana da wani rauni na musamman: kuɗin zare da kuɗin cefane a ƙulli ɗaya suke kwana, saboda haka rashin lafiyar yaro ɗaya ya isa ya cinye uwar kuɗi, kuma babu macen da za a ga laifinta don ta zaɓi magani a kan zare. Idan kuwa jari yana da wurin ajiyarsa daban, sana'a takan tsallake irin wannan rana. Haka nan aikin 'ya'ya mata, wanda ake ɗauka taimakon uwa ne kawai. Muddin ba a saka ladansa cikin farashi ba, yarinyar da ta yi karatu ba za ta ga dalilin gadon allura ba.

Har yanzu da sauran aiki. Inji yana kwaikwayon zanensu da araha, masu saye daga ƙasashen waje kuma suna son kaya ɗari su fito girma ɗaya, launi ɗaya, a rana ɗaya, abin da ke da wuya ga hannaye da yawa a gidaje daban-daban. A gidajen da na ga suna jurewa, 'yar da ta yi makaranta ce ke riƙe littafin lissafi, tana ɗaukar hoton kaya da waya tana aika wa masu saye, ana kuma biyan ta ladanta kamar kowace mai surfani.

Wassalam, taku a Ahmadabad.